An Ce Maigadi Ne Ya Kashe Bishiyar Oga

 Yau zancen bishiya zan yi. Na san wani zai ce ɗan mai goro ya rasa abin faɗa, mutane na fama da kuɗin haya da kuɗin mota shi kuma yana maganar itace a kasko. To a yi haƙuri a karanta, domin ƙarshenta maganar albashi ce, kuma albashin mutanenmu.

Duk wanda sana'a take kai shi gidajen masu hali a Ikeja ko Ikoyi ko Lekki ya taɓa ganin irin bishiyar nan. Tsawonta bai fi kamu biyu ba, tana zaune cikin wani ɗan kasko marar zurfi a kan tebur, amma idan ka dube ta sai ka ga siffar tsohuwar cediyar ƙofar fada, da kututture da rassa da komai. Sunanta bonsai. Ana ajiye ta a falo ko a ofis don ado. To wa ake ɗora wa ban-ruwanta? Ba oga ba, ba madam ba. Maigadi ake kira, ko yaron gida, kuma kowa ya san masu gadin garin nan da yawansu namu ne, daga Arewa da Nijar. Umarnin kuma guda ɗaya ne ko'ina: kullum da safe ka zuba mata ruwa, kada ka kuskura ka manta.

Wani dattijo ɗan garinmu da ke gadi a wani gida can tsibiri ya zo rumfar mahaifina kwanakin baya ransa a ɓace. An yanke masa fiye da rabin albashin wata, wai ya kashe bishiyar da aka sayo da tsada. Ya ce mini, "Ɗan Alhaji, kai da ka yi boko, gaya mini laifina. Wallahi ko rana ɗaya ban tsallake ba. Da na ga ganyen ya fara rawaya ma safe da yamma na koma ba ta."

Na ce, "Kawu, kaskon yana da huda a ƙasa?"

Ya ce akwai, amma madam ta sa shi cikin wata tukunyar tangaran marar huda don kada ruwa ya ɓata mata tebur.

Na ce, "A ina aka ajiye ta?"

Ya ce a lungun falo, kusa da talabijin, inda labule ke rufe kullum saboda esi.

To jama'a, a tawa fahimtar wannan bawan Allah bai kashe bishiya ba. Umarnin da aka ba shi ne ya kashe ta, shi kuwa ya bi umarni ne da gaskiya. Da ya kasance malalaci yana mantawa kwana uku-uku, da wataƙila tana nan da ranta. Wannan shi ne abin da nake so in bayyana, don na gaba da za a miƙa wa irin wannan amana ya san abin da zai yi, ya kuma san abin da zai faɗa.

Bari in fara da asalinta, don a san ba wata bishiyar aljanu ba ce. Bonsai kalmar Japananci ce, ma'anarta shuka a cikin kasko. Ba wani iri ne na musamman ba: bishiya ce kamar kowace bishiya, da za a dasa ta a ƙasa da ta girma ta yi inuwa. Abin da ya tsare ta a ƙaramin jiki shi ne ƙarancin ƙasa, da datse rassa, da rage saiwa duk bayan 'yan shekaru. Daga Sin al'adar ta taso, har akwai zanen irin waɗannan kasake a kabarin wani yarima na daular Tang da aka yi a shekarar 706, sannan Japanawa suka ɗauka suka mai da ita tasu. A kusa da Tokyo akwai unguwa guda, Omiya, wadda masu wannan sana'a suka kafa a 1925 bayan girgizar ƙasar 1923 ta tashe su daga birni. Akwai kuma wata bishiya da aka fara reno a 1625 a Hiroshima, bam ɗin 1945 ya faɗi kimanin kilomita 3 daga gidan da take, katanga ta kare ta, mai ita Masaru Yamaki ya ba Amurka kyauta a 1976, kuma a 2025 ta cika shekara 400 a kasko a birnin Washington. Ka yi tunanin hannaye nawa suka ba ta ruwa, kaka da jika, babu wanda ya yi mata ambaliya.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne, a can Japan ba a falo ake ajiye su ba. A waje suke zama, kan benci, rana na dukansu iska na kaɗa su. Sai in za a yi baƙo ko biki ake shigo da guda ɗaya ɗaki ta yi kwana biyu ko uku a mayar da ita. Kuma masu sana'ar suna da magana cewa koyon ban-ruwa kaɗai shekara uku yake ɗauka. Shekara uku fa! Aikin da almajirin sana'a ke kwashe shekara uku yana koyo, shi ake miƙa wa Kawu a bakin get cikin minti ɗaya, da Turancin da rabinsa bai ji ba.

Yanzu ga yadda ruwa ke kashewa. Saiwa tana shan ruwa, amma kuma tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙananan gurabe da iska ke zama, daga nan saiwa ke samun iskar da take rayuwa da ita. In ka zuba ruwa ya cika guraben nan ya tsiyaye ta ƙasa, sabuwar iska ta biyo bayansa, lafiya lau. In kuwa ruwan ya tsaya, yau an zuba gobe an ƙara jibi an ƙara, guraben ba sa buɗewa, sai ƙananan saiwoyin nan farare masu kama da zare su shaƙe su ruɓe. Su ne kuwa bakin bishiyar. Da zarar sun ruɓe ba ta iya jan ruwa ko da tana zaune cikin tafki. Sai ganye ya yi laushi ya yi rawaya ya fara zuba, daidai irin alamun ƙishirwa. Mai tausayi ya gani ya ƙara ruwa. Nan ne tarkon yake, kuma shi ya kama Kawu.

Mu 'ya'yan masu goro ba baƙon abu ba ne wannan a wurinmu. Mahaifina ba ya duba kalanda kafin ya taɓa huhu. Buɗewa yake yi ya sa hannu, ya ji ganyen, ya shinshina. Goro in ya bushe ya yamutse ya faɗi a kasuwa, in laima ta yi masa yawa ya ruɓe ya kama na kusa da shi. Babu wani Alhajin goro a Agege da zai ce wa yaronsa kullum ƙarfe bakwai ka yayyafa ruwa ko me ka tarar. Haka manomin rani a fadama, ƙasa yake kallo. Ashe ilmin yana hannun mutanenmu tun asali, tsoron oga ne ke sa su ajiye shi su bi agogo.

Ni ina da cediya ɗaya da tsamiya ɗaya a kasko bayan rumfa, shekara huɗu ke nan, kuma kayan aikina tsinken tsire ne. Ka samu tsinke mai tsabta, ka soka shi cikin ƙasar daga gefe har ya kusa taɓa gindin kasko, ka bar shi kamar minti goma ka zaro. In ya fito da duhu da sanyi, ƙasa na manne da shi, ka ajiye butarka, ba yau ba. In ya fito kusan a bushe, lokaci ya yi. Yatsa ma yana yi: ka nutsa gaɓa ɗaya, in ka ji danshi ka ƙyale ta. Bayan wata guda kana haka, ɗaga kaskon kawai za ka yi nauyinsa ya gaya maka.

In lokacin ya yi kuma, ban da rowa. Wasu saboda tsoro sai su riƙa ɗiga rabin kofi a gindin kututture, sama ta jiƙe ƙasa tana bushe ƙamas, saiwar can ciki ta mutu da ƙishi. Ka fitar da kaskon waje ko ka kai shi wurin wanke-wanke, ka zuba a hankali ko'ina a saman ƙasar har ruwa ya fito ta hudar gindi. Ka dakata minti biyu ka sake zubawa. Ka bari ya gama tsiyayewa kafin ka mayar. Farantin da ake sawa a ƙarƙashi kada ruwa ya kwana a ciki, ga ruɓewar saiwa ga sauro. Idan kuma an yi tafiya an bar ta har ƙasar ta ƙame ta janye daga jikin kasko, ruwa zai riƙa bin gefe yana zurarewa ba tare da ya shiga ba. Maganin wannan shi ne a tsoma kaskon gaba ɗaya cikin baho, ruwa ya kai bakinsa, a bar shi har kumfar iska ta daina tasowa, sannan a ɗaga.

Me ya sa na tsani maganar kullum da safe, ko ta mai sayarwa da zai ce sau ɗaya a mako? Domin garin nan ba ya zama a hali ɗaya. Legas na samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, Kano kuwa ba ta cika kai 1,000 ba. A watan Yuni da Yuli, lokacin da ko rigar da ka shanya sai ta kwana biyu ba ta bushe ba, kaskona kan yi kwana huɗu bai nemi ruwa ba. In hunturu ya leƙo a Disamba ko Janairu, wannan kaskon dai kullum yake nema. Ɗakin esi kuma wata duniya ce daban: na'urar tana tsotse laimar iska, ganyen da ke saitin bakinta yana bushewa, amma ƙasar da ke cikin sanyi da duhu ba ta bushewa da wuri. A ɗauke wuta a kawo, a tayar da janareta a kashe, duk lissafin ya sake.

Maganar duhun nan babba ce. Bishiya da haske take dafa abincinta, kuma gwargwadon hasken da ta samu gwargwadon ruwan da za ta ja. Masu awon haske sun ce tsakar rana a fili yana kai 100,000 a ma'auninsu, ɗaki mai ƙwan lantarki kuwa ɗari uku zuwa ɗari biyar ne. Idonmu yana ruɗinmu mu ga falo tarwai, ita kuwa bishiya a wurinta magariba ce da ba ta ƙarewa. Wadda ke lungu bayan labule kusan barci take yi, ba ta shan komai, duk abin da aka zuba yana nan kwance. Wurin zamanta shi ne jikin taga mai samun hasken safe, a riƙa juya ta duk mako don kowane gefe ya samu, in da hali a fitar da ita baranda ta sha iska.

Wane ruwa? Na sama ya fi kowanne, kuma Allah ya hore mana shi a nan, bokiti kawai za ka tara. Ruwan da ke ɗiga daga bayan esi ma yana da kyau, domin kusan babu gishiri a cikinsa, ga shi kyauta yana zuba a ƙasa. Wanda za a yi hattara da shi shi ne na rijiyar burtsatse a unguwannin bakin teku, wanda kowa ya san wani yana da zartsi wani kuma yana rina bokiti ja. Alamar gishiri ya taru ita ce farin ɓawo a bakin kasko da ƙonewar bakin ganye. Sauran abubuwan da nake ji ana yi kuwa, ragowar shayi mai madara da sukari, ko lemon kwalba, ko ɗora ƙanƙara ta narke a hankali, don Allah a bari. Sukari tururuwa yake kira, ƙanƙara kuma ba ta jiƙa ƙasar duka, ga shi bishiyar ƙasar zafi ba ta san sanyin nan ba.

Sai taki, inda nake ganin ɗan manomi ya fi kowa shiga haɗari, saboda hannunsa ya saba da gona. A gona ka watsa kamfa da tafin hannu, ƙasa mai faɗi ta shanye. Kasko kuwa ƙasar da ke ciki ba ta fi mudu ɗaya ba. Takin zamani gishiri ne a asalinsa. In ya yi yawa a wuri kaɗan, maimakon saiwa ta ja ruwa daga ƙasa sai ƙasa ta ja ruwa daga saiwa, kamar yadda gishiri ke tsotse ruwan nama. Yuriya, wadda sinadarin sa ganye a cikinta ya kai kashi 46 cikin ɗari, ni ban yarda ta kusanci kasko ba ko kaɗan. Kamfa mai lamba 15-15-15 ana iya amfani da ita, amma ba a watsa ƙwayoyinta a gindi. Yadda nake yi, rabin ƙaramin cokalin shayi nake jiƙawa a galan mai lita 4, in girgiza ya narke, in ba su duk mako biyu lokacin da suke fitar da sabon ganye. Wadda ke ɗaki da ƙarancin haske sau ɗaya a wata ya ishe ta. In na kwalba aka sayo daga kanti, rabin abin da aka rubuta a jiki za a sa. Kuma a fara ba ta ruwan banza tukuna, ba a zuba taki a busasshiyar ƙasa.

Duk da haka kada a ce to a bar takin gaba ɗaya. Bishiyar daji saiwarta na yawo tana nemo abinci, ta kasko kuwa abin da ka ba ta shi ke nan, kuma kowane ban-ruwa yana wanke wani abu ya fita ta huda. In an shekara ba a ba ta komai ba, sabon ganye zai riƙa fitowa fari-fari ƙanana, rassan ƙasa su bushe. Amma yunwa a hankali take yi, tana ba ka watanni ka gyara. Yawan taki kuwa cikin kwanaki yake gamawa da ita. Abin da ya fi muhimmanci, taki ba magani ba ne. Bishiyar da ke zubar da ganye saboda ruɓewar saiwa, ka ƙara mata taki, kamar ka ɗura wa mai amai tuwo ne. Haka wadda aka sake wa ƙasa aka rage wa saiwa, a ba ta kamar wata guda tukuna.

Wani abu da ya ba ni dariya da na karanta: takin gargajiya da Japanawa suka fi ji da shi dusar da ke saura ce bayan an matse mai daga wani iri, su dunƙula ta ƙanana su jera a saman kasko, ruwa na narkar da ita a hankali. Na ce ai wannan tunkuza ce! Abin da iyayenmu mata ke fitarwa bayan sun matse man gyaɗa. Na gwada da tunkuzar da ba a sa wa gishiri ba, na busar da ita dunƙule-dunƙule kamar ƙwallon dabino, na sa uku a gefen kasko, tsamiyata ta yi kore shar. Ƙuli-ƙulin kasuwa ba zai yi ba, akwai gishiri da yaji da mai. Kuma wannan dabarar ta baranda ce ko tsakar gida, domin tana yin fumfuna tana wari, ɓeran Legas kuwa ba ya buƙatar katin gayyata. Ka sa ta a falon madam, laifin da za a ɗora maka ya fi na bishiya. Tsohon kashin awaki da ya bushe sarai shi ma yana yi, ƙwaya biyar ko shida. Na kaji yana da zafi, a bar shi.

Akwai kuma bishiyoyin da ko Bajapanen Omiya aka kawo ba zai raya su a falo ba. Akwai wadda ake kira junifa, mai ganye kamar ƙananan allurai, ita ce aka fi gani a hoto don haka aka fi so. Bishiyar waje ce, a ɗaki mutuwa take yi sannu a hankali, kuma mugun halinta shi ne tana iya mutuwa ganyenta ya ci gaba da zama kore har makonni. Ma'ana ana iya sayo gawa a miƙa wa maigadi ya yi reno. Wadda ta fi jure ɗaki ita ce mai ƙaton gindi kamar rogo da ganye mai sheƙi, dangin cediya da durumi ce, daga kudancin Sin ake yawan kawo ta. Ita ma sau da yawa tana zuwa ne a cikin dusar ɓawon kwakwa mai riƙe ruwa kamar soso, wani lokaci har da tsakuwar ado da aka manne da gam a sama, ta yadda ba ka ganin ƙasar balle ka taɓa ta. A ɓamɓare tsakuwar nan. Japanawa wata ƙasa mai tsaba-tsaba suke amfani da ita, akadama, wadda ruwa ke ratsawa nan take. Mu a nan, marmara da aka tankaɗe aka zubar da garin, da fasasshen jan bulo, da ɗan gawayi, da ɗan ɓawon kwakwa kaɗan, suna yin aikin.

Shawarata ga duk wanda za a miƙa wa irin wannan bishiya ita ce ya yi magana tun ranar farko, a gaban mai ita, cikin ladabi. Ya ɗan kankare ɓawon wani ƙaramin reshe da farce: in ƙarƙashinsa kore ne mai danshi tana da rai, in ruwan ƙasa ne a bushe wannan reshen ya riga ya tafi. Ya ɗaga kaskon ya nuna ko da huda ko babu. Ya ɗauki hotonta da waya. Sannan ya ce, ranka ya daɗe, zan kula da ita, amma a bar ni in ba ta ruwa lokacin da ƙasa ta nema, kuma a matso da ita jikin taga. In an ƙi, an ce lallai kullum kuma lallai a lungu, to a shaida cewa an faɗa. Na san ba kowane oga ke sauraron maigadi ba, kuma na san mai neman abinci ba ya son jayayya da mai gida. Amma minti biyu na magana a farko ya fi sauƙi a kan rabin albashi a ƙarshe. Masu gidan da ke karanta wannan kuma, in akwai, yanke albashin mutum saboda ya bi umarninku zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Matasanmu da ke sayar da furanni a bakin titi ko suke sha'awar farawa, ban ga dalilin dogaro da na ƙasar waje ba. Cediya reshe kawai za ka yanka a farkon damina ka soka a yashi mai danshi a inuwa, cikin makonni ta yi saiwa. Tsamiya daga ƙwallo take fita, ganyenta ƙanana ne tun asali don haka tana kyau a kasko, sai dai tana son rana sosai. Kuka ma ana yi da ita, mutanen Afirka ta Kudu sun daɗe suna renonta haka, amma in ta zubar da ganye da rani a ɗauke mata ruwa kusan gaba ɗaya har sai ta fara toho, in ba haka ba gindin ya ruɓe. Kariya mai jan fure, wadda muke wucewa a dajin Arewa ba mu ko kallo, ita ce ake sayarwa a nan da sunan Turanci. Ruwa kaɗan take so da rana mai yawa. A kiyaye ta daga yara da awaki, domin ruwan jikinta dafi ne, mafarautan da da shi suke shafa wa kibiya.